A rubuta abincin alhaji tun daga Yamai

Watanni kafin jirgin farko ya tashi daga filin jirgin sama na Diori Hamani, kamfanonin jigilar alhazai na Yamai, waɗanda jama'a ke kira ajans, sun riga sun cika gidajen rediyo da talla, da Hausa da Zabarmanci da Faransanci. Ana faɗa wa maniyyaci nisan masaukinsa da Harami, da jirgin da zai hau, da malamin da zai yi masa bita, wani lokaci har da jaka da yadin da za a ba shi. Idan aka zo kan ciyarwa kuwa, a gurguje ake wucewa: akwai abinci. Sau nawa a yini, wane iri, da ƙarfe nawa, nawa ya ci a cikin kuɗin kujera, wa za a tuhuma idan bai zo ba, duk ba kasafai ake ji ba, su ma maniyyatan ba kasafai suke tambaya ba. Alhali mutumin nan zai yi kusan wata guda a ƙasar da ba shi da murhu, ba ya jin yaren kasuwarta, masaukinsa da motarsa da lokacin tashinsa duk suna hannun wasu. A tafiyar ayari irin wannan, wadda jagora ke riƙe da akalarta tun daga tashi har dawowa, cikin matafiyi amana ne a wuyan wanda ya karɓi kuɗinsa. Ina ganin wannan amana ta kai a rubuta ta dalla-dalla a nan Yamai, a takardar da maniyyaci zai riƙe a hannunsa kafin ya biya.

A shekarun baya-bayan nan kujerun da Saudiyya ke ware wa Nijar sun kai 15,891. Hukumar COHO ce ke tsara aikin Hajji da Umara a madadin gwamnati, ajans-ajans kuma su ke rajistar mutane, su raka su, su dawo da su. Kuɗin kujera ya haura miliyan uku na sefa. Mafi ƙarancin albashi a ƙasar jika 42 ne a wata tun 2024, wato ma'aikacin da ke wannan mataki sai ya ajiye albashinsa gaba ɗaya na kusan shekara shida, bai taɓa ko dala ba, kafin ya haɗa kuɗin. Galibin masu tafiyar ma ba su da albashi. Manomi ne daga karkarar Tasawa da ya sayar da shanu, ko tsohuwa daga Filinge da ƴaƴanta suka yi mata karo-karo, ko ɗan kasuwar Katako da ya yi shekaru yana adashi. Wanda ya biya kuɗi irin wannan yana da haƙƙin ya ga yadda aka karkasa su, kuma a cikin duk abin da ya biya babu wanda zai ci karo da shi sau biyu ko sau uku kowace rana ban da abinci.

Tsoffin alhazai sun fi mu sanin darajar guzuri, domin a zamaninsu a hannun matafiyi yake. Askiya Muhammadu ya tashi daga Gao a 1496 da ayari mai ɗauke da abin da zai ci da abin da zai ciyar. Talakan da ya bi hanyar ƙasa daga baya, ta Barno da Wadai da Darfur har bakin Bahar Maliya, yakan yi shekaru a kan hanya, yana tsayawa ya yi noma ko ƙwadago ya sake cika buhunsa. Kilishi da dakuwa da ƙuliƙuli da garin gero da busasshiyar kuɓewa duk abincin da ke jure tafiya ne, kuma malaman da suka yi bayanin ikon zuwa Hajji sun daɗe suna sanya guzuri cikin abin da ake dubawa. Jirgin sama ya mayar da tafiyar shekaru ta zama ta ƴan awoyi, amma ya zo da sikelinsa, kilo kaza kawai za ka ɗauka. Hukumomin Saudiyya suna da abin da suka hana shiga da shi, har da goro, wanda ya sha jefa alhazan Afirka ta Yamma cikin matsala a filin jirgi. A Mina an hana girki da tukunyar gas, kuma hanin yana da dalili mai ƙarfi, don gobarar Afrilun 1997 ta hallaka mutum sama da 340 a cikin tantuna. Masaukai da yawa a Makka da Madina su ma ba sa yarda a kunna wuta a ɗaki. Duk waɗannan dokoki na kare rai ne, ban ga wanda zan ce a soke ba. Sai dai idan aka haɗa su, abin da suka yi shi ne sun karɓe tukunya daga hannun alhaji sun miƙa wa mai shirya tafiya, kuma wanda ya karɓi tukunya shi ya karɓi nauyin cika ta.

To, me ake zubawa a ciki? Gidajen girkin da ke ɗaukar kwangilar ciyar da alhazai suna dafa wa dubban mutane a lokaci guda, kuma abin da ya fi musu sauƙi shi ne shinkafa da kaza, da gurasa, da wake irin na Larabawa da safe, da ɗan ƴaƴan itace da robar ruwa. Abinci ne mai kyau ga wanda ya saba. Amma Nijar tana cikin ƙasashen da suka fi noma gero a duniya, kuma dattijon da ya shekara saba'in yana karyawa da kunu ko koko, ya yini da fura, ya kwana da tuwo, cikinsa ba zai koyi sabon karatu a cikin mako guda ba. Irin wannan dattijo ba ya ƙorafi. Zai buɗe kwanon, ya yi loma biyu, ya rufe, ya ce alhamdulillahi. Gobe ma haka. A takardar mai kwangila an kai abinci, an karɓa, lissafi ya cika. A jikin alhajin kuwa ƙarfi ne ke zurarewa a hankali, daidai lokacin da ya fi buƙatarsa. Wanda ke shakkar haka ya tambayi duk wanda ya taɓa sauka a Makka dalilin da ya sa alhazanmu ke neman hanyar Shara Mansur, unguwar da zuriyar mutanen Afirka ta Yamma suka daɗe da zama, ko dalilin da ya sa matan da ke sayar da tuwo da miyar kuka a bakin masaukai ba sa rasa ciniki duk da korar da ma'aikatan birni ke yi musu. Wannan kasuwa shaida ce cewa akwai yunwar da kwangila ba ta kashe ba, kuma abincin da ake sayarwa a ɓoye a gefen titi babu mai duba tsaftarsa.

A nan ne maganar kuɗi ke shigowa. Riyal a ɗaure yake da dalar Amurka, riyal 3.75 a dala ɗaya, sefa kuma a ɗaure take da yuro, sefa 655.957 a yuro ɗaya. Saboda haka riyal ɗaya kan tsaya tsakanin sefa 150 zuwa 170, gwargwadon yadda dala da yuro suka kwana. A ɗauka alhaji ya koma sayen abinci sau biyu a yini, kowane kwano riyal 15 zuwa 20. A kwana 30 zai kashe riyal 900 zuwa 1,200, wato abin da ya tashi daga kusan jika 140 zuwa jika 200. Wannan kuɗi daga guzurinsa zai fita, guzurin da ya lissafa wa hadaya da magani da katin waya da tsarabar jikoki, kuma ya riga ya biya kuɗin ciyarwa sau ɗaya a cikin kujera. Ya biya sau biyu ke nan, ya ci sau ɗaya. Da tun a Yamai aka faɗa masa cewa ga abin da za a ba ka, ga abin da za ka nema da kanka, da ya san yawan riyal ɗin da zai canza. Rashin sanin ne ke sa a ga alhaji a makon ƙarshe yana bugo waya gida a aiko masa, ko yana cin bashi a wurin ɗan ɗakinsu.

Kwanakin Makka da Madina ma da sauƙi, tunda akwai shaguna, mai kuɗi a aljihu ba zai kwana da yunwa ba. Inda al'amarin ke tsananta shi ne kwanaki biyar ko shida na aikin kansa, daga 8 ga Zulhajji da ake fita Mina, zuwa tsayuwar Arfa ranar 9, da kwanan Muzdalifa, da kwanakin jifa. Mutum sama da miliyan ɗaya da dubu ɗari takwas ne suka taru a waɗannan wurare a 2024. Ana rufe hanyoyi, motar abinci na iya maƙalewa, abin da aka dafa da hantsi ya iso bayan la'asar, kuma dafaffen abinci ba ya daɗewa a zafi irin wannan kafin ya juya. Ga tafiyar ƙafa: daga tanti zuwa wurin jifa da dawowa kilomita ne masu yawa, sa'ayi kaɗai tsakanin Safa da Marwa ya haura kilomita uku. A Hajjin 2024 ma'aunin zafi ya kai digiri 51.8 a Makka, hukumomin Saudiyya kuma suka sanar da mutuwar mutum 1,301, suka ce kashi 83 cikin ɗari ba su da izinin aikin Hajji. Zafi ne ya kashe mafi yawansu, ban ɗora wa abinci ba. Amma a lura da su wane ne suka fi faɗuwa: waɗanda ba su da tanti, ba su da mota, ba wanda ya tanadar musu ruwa da abin ci. Hidimar da mai shirya tafiya ke bayarwa a waɗannan kwanaki ita ke tsakanin alhaji da halaka, kuma da ruwan ciki ake jan na rijiya. Gaskiya ne lokacin Hajji yana matsowa baya da kwana 11 kowace shekara, yana fita daga tsakiyar bazarar Larabawa, amma watan Mayu a Makka ma ba wasa ba ne.

Sannan ga waɗanda abinci a wurinsu rabin magani ne. Mai ciwon suga da ya sha ƙwayarsa ko ya yi allurarsa da asuba bisa zaton karin kumallo na tafe, idan abincin ya makara awa uku kuma ya kama hanyar jifa, sugansa na iya faɗuwa ya yanke jiki a cikin cunkoso. Idan kuma abin da ake ba shi kullum farar shinkafa ce da lemon kwali mai zaƙi, sugan ya hau. Allurar insulin tana son wuri mai sanyi, tanti kuwa ba lallai ya kasance da firji ba. Mai hawan jini yana buƙatar a rage masa gishiri, kuma wasu daga magungunansa suna sa yawan fitsari, abin da ke saurin ƙarar da ruwan jiki a rana. Mai gyambon ciki ba ya jure dogon jira ko yawan yaji. Tsohuwar da haƙoranta suka zube ba ta da abin yi da cinyar kaza da gurasa busasshiya. Babu ɗaya daga cikin waɗannan da ke ɓoye. Kowane maniyyaci yana bi ta hannun ma'aikatan lafiya kafin ya tashi, ana yi masa allurar sanƙarau da ta shawara saboda Saudiyya ba ta karɓar maniyyacin Nijar sai da su. A wannan teburin ne ya kamata a ƙara tambaya ɗaya, a rubuta amsar: me likita ya hana ka ci, me kake iya taunawa, da ƙarfe nawa kake shan magani? Daga nan lissafin ya bi ayari, ya isa ga jagoran rukuni da mai girki. Ajans ɗin da ya san yana da masu suga 40 a cikin mutum 300 zai iya neman kwano 40 na daban. Wanda bai tambaya ba sai ya sani a motar asibiti.

Akwai masu cewa Hajji ibada ce, wahala tana cikinta, kuma bai dace baƙon Allah ya tsaya yana ƙorafin tuwo da miya ba. Wannan magana tana da nauyi a zukatan mutanenmu, ita ce ma ta sa tsofaffi ke rufe kwano su yi shiru, kuma ina girmama haƙurin da ke bayanta. Amma haƙuri ado ne ga alhajin da ya yi shi. Ba hujja ba ce da wanda ya karɓi kuɗi zai riƙa ɗagawa don kada a tambaye shi. Addinin da ya umarci mahajjaci da haƙuri shi ne ya umarci mai ciniki da cika mudu, ya kuma hana cinikin da ba a san abin da aka saya ba. Sayar wa mutum ciyarwar wata guda ba tare da an faɗi adadinta da irinta ba ya yi kusa da wannan. Malaman da ke bita a masallatan Yamai, waɗanda ke koya wa maniyyata yadda ake ɗaura harami da abin da ke ɓata shi, su ne suka fi kowa cancantar faɗa musu cewa tambayar haƙƙi ba ta rage lada.

Hujja ta biyu ta fi ƙarfi: cewa abin ba a hannun Yamai yake ba. Gidajen girkin na Saudiyya ne, lasisinsu daga can yake, hidimar Mina da Arfa kuma kamfanonin can ke yin ta. Haka ne, amma kwangila mutum biyu ke sa mata hannu. Indunusiya, wadda ta kai alhazai 241,000 a 2024, tana sharɗanta wa gidajen girkin da ta ɗauka su dafa abinci irin na ƙasarta, tana aika kayan ƙamshin girki daga gida, tana ware abinci mai laushi ga tsofaffi, kuma a jikin kwanon ana rubuta lokacin da bai kamata a ci shi bayansa ba. A maƙwabciyarmu Najeriya, bayan ƙorafin hidimar Mina a 2023, hukumar NAHCON ta sanar da mayar wa kowane alhaji riyal 150. Kuɗin ba su da yawa, amma sun nuna cewa abin da aka rubuta ana iya bin bashinsa. Za a ce Nijar ba ta da yawan Indunusiya ko Najeriya. Mai sayen abincin mutum dubu goma sha biyar na wata guda ba ƙaramin mai ciniki ba ne a kowace kasuwa. Idan ma ana son ƙarin nauyi, ga Mali da Burkina Faso, waɗanda suka haɗu da Nijar a ƙawancen AES tun Satumban 2023, kuma mutanensu gero da dawa da masara suke ci kamar namu. Ƙasashen uku za su iya neman gidajen girki tare, su sharɗanta masu dafuwa daga Sahel, su nemi izinin shigar da garin gero da kuka da zogale busasshe ta hanyar hukuma. Manomin Nijar ma zai samu kasuwa a ciki.

Sai batun tsada, wanda shi ne ke tsorata kowa, don kujerar ta riga ta fi ƙarfin mafi yawan jama'a. A bambanta abu biyu. Rubuta abin da aka riga aka yi yarjejeniya a kansa, a raba wa maniyyata, a karanta shi a rediyo da harsunan ƙasa, ba ya cin komai sai takarda. Sauya irin abincin kuwa yana iya ƙara wani abu, yana iya kuma raguwa, tunda kunun gero bai fi kaza tsada ba, kuma kwanon da aka zubar ba a ci ba shi ne abinci mafi tsada a duk tafiyar. Wasu kan ba da shawarar a cire kuɗin ciyarwa daga kujera gaba ɗaya, a ba kowa riyal ɗinsa ya ci abin da ransa ke so. Ga ɗan kasuwar da ya saba Dubai da Jidda wannan daidai ne, kuma ban ga laifin a ba shi zaɓi a kwanakin Makka da Madina ba. Ga tsohuwar da ba ta taɓa fita ƙauyensu ba, ba ta san darajar takardar riyal ba, ba ta iya sauka daga hawa na goma sha biyu ita kaɗai, wannan sakin hannu ne. A Mina kuwa zaɓin bai taso ba. Saboda haka ciyarwar haɗin gwiwa ta zauna, abin gyara shi ne a san abin da ta ƙunsa.

Umara ta fi Hajji buƙatar wannan, domin a nan farashi da tsari sun fi zama a hannun ajans, kowa da irin nasa. Mai tafiya cikin azumi ya kamata ya san ko sahur na cikin kuɗin, don buɗa-bakin da ake shimfiɗawa a Harami, dabino da ruwan Zamzam da ɗan abin taɓawa, ba zai riƙe mai sallar dare ba. Haka ayarin da ke zuwa Kaulaha a Senegal lokacin Mauludi, ko masu ziyarar Fas a Maroko. Ba sabon abu ake nema ba: dokar Tarayyar Turai ta 2015 kan tafiye-tafiyen da kamfani ke haɗawa a dunƙule ta wajabta a sanar da matafiyi tsarin abincinsa kafin ya sa hannu. Idan ɗan yawon buɗe ido mai zuwa shan iska na mako guda ya samu wannan kariya, dattijon da ya sayar da garkensa don sauke farali ya fi shi cancanta.

Takardar da nake nufi ba ta wuce shafi guda ba. Ta faɗi sau nawa za a ci a Madina, sau nawa a Makka, sau nawa a Mina da Arfa, da abin da za a riƙe a hannu daren Muzdalifa da ranakun jira a filin jirgi, waɗanda su aka fi mantawa da su. Ta faɗi jerin abincin mako, da kuɗin da aka ware masa a cikin kujera, da sunan jagoran da za a kira idan bai zo ba, da abin da za a mayar wa alhaji a kan kowane kwanon da ya biya bai samu ba. COHO tana da ikon sanya wannan cikin sharuɗɗan da ajans zai cika kafin a ba shi izinin ɗaukar mutane, kuma ya kamata ta yi. Kafin ta yi, ku ƴaƴan da ke kai kuɗin Baba ko na Inna ofishin ajans, ku tafi da takardar likitansu, ku yi waɗannan tambayoyi ɗaya bayan ɗaya, ku nemi a rubuta muku amsar a buga hatimi. Ajans ɗin da ya ƙi rubutawa, ku ɗauki kuɗinku ku kai wa wanda zai rubuta.